Kafin ku ɗauki su Baba zuwa Yankari

Hutun ƙarshen shekara ya ƙarato, na kuma san a gidaje da yawa a nan Abuja da Legas da Fatakwal da sauran garuruwan da neman abinci ya kai mu, yara sun fara damun iyaye da tambayar ina za a je bana. Wasunku amsar ɗaya ce kullum, gida za a tafi. Wasu kuwa suna tunanin a ɗan sauya, a haɗa kakanni da 'ya'ya da jikoki a mota a je kallon namun daji. Idan kuna cikin masu wannan tunani, ku ba ni aron hankalinku, domin mu mun yi irin wannan tafiya bara, kuma saura ƙiris gaggawarmu ta jawo mana abin da za mu daɗe muna nadama.

Asalin maganar daga bakin ɗana ta fito. Mahaifina ya zo ganin likita, shi da Inna suka sauka a wurinmu a Kubwa. Wata rana da daddare yaron, mai shekara tara, yana aikin makaranta, sai ya nuna wa kakansa hoton giwa a littafi ya ce irin wannan sai a talabijin ko a ƙasar Kenya. Baba ya ce shi da idonsa ya ga garken giwaye a Yankari, lokacin da aka kai su yana ɗalibi a kwalejin horon malamai. Yaro ya tuntsire da dariya ya ce, "Kai dai tsoho ka cika labari." Kun san wasan jika da kaka. Amma abin da Baba ya faɗa bayan nan babu wasa a cikinsa. Ya ce, "Da a ce da sauran ƙarfina, da na kai ka ka gani." Na kwana ina juya wannan magana.

Da na kai ta gaban 'yan uwa, yayana ne ya fara cewa a'a. Kuma yana da hujja. Baba ya haura shekara saba'in, yana da ciwon suga da hawan jini, Inna kuma gwiwoyinta sun daɗe suna ba ta wahala. Muka yi kusan mako biyu muna ja-in-ja a WhatsApp, wannan ya ce a tafi da su, wancan ya ce a bar su a gida a kawo musu hotuna. A duk tsawon lokacin nan babu wanda ya tambayi masu jikin. Inna ce ta ji ina waya da ƙanwata, ta ce, "Kuna ta shawara a kanmu sai ka ce buhunan masara za a yi lodi. Shi kun tambaye shi?" Kunya ta kama ni, don gaskiya ta faɗa.

To wannan shi ne abu na farko da nake so ku yi kafin ku duba taswira ko kuɗin ɗaki. Ku zauna da tsofaffin ku tambaye su ko suna so, da abin da suke so su gani, da abin da suke tsoro. Amsoshin za su ba ku mamaki. Mu muna ta lissafin zaki da giwa, ashe Baba ba su ne a ransa ba. Ya ce shi burinsa ya sake tsoma ƙafarsa a ruwan Wikki. Ya kafa mana sharuɗɗa uku: ba tafiyar dare, a tsaya salla a kan lokaci, kuma idan an isa kada a kulle shi a ɗaki kamar majinyaci. Ita kuwa Inna sai da muka keɓe ta faɗa mini nata. Ta ce ita damuwarta banɗaki ne a hanya. A nan na gano cewa shekara da shekaru, duk tafiyar da za ta yi, tun daren jajibiri take daina shan ruwa don kada ta sa a tsaya saboda ita. Na tabbata iyayenmu mata da yawa haka suke yi ba su faɗa. Wannan kuwa illa ce, domin tsoho ba ya jin ƙishi da wuri kamar matashi, rashin ruwa a jiki kuma yana kawo jiri da ciwon kai da kasala, riƙe fitsari na dogon lokaci yana iya jawo ciwon mafitsara. Sai na yi mata alkawari za mu riƙa tsayawa a kai a kai ko ba ta nema ba, ni kuma zan riƙa cewa ni ce nake buƙata.

Zaɓen wuri bai ba mu wahala sosai ba. Gandun Gashaka Gumti da ke tsakanin jihohin Taraba da Adamawa shi ne mafi girma a ƙasar nan, a can ne ma dutsen Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya. Amma wuri ne na masu ƙarfin ƙafa, ga nisa, ba na gwiwar Inna ba ne. Kamuku da ke Birnin Gwari da gandun Kainji kuwa, halin tsaron yankunan ya sa ba mu ma tattauna su ba. Waɗanda ke zaune a Kudu suna da Okomu a jihar Edo da gandun Kuros Riba. Mu dai Yankari ce tamu tun farko. Tana cikin ƙaramar hukumar Alƙaleri a jihar Bauchi, an keɓe ta a 1956, aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962. Ta koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1991, sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244. Abin da ya fi jan hankalina shi ne masauki da ruwan Wikki suna wuri ɗaya, wanda ba zai iya fita daji ba ma yana da abin yi. Sai dai ko ina za ku, ku binciki halin da hanya da yankin suke ciki a makon da za ku tashi, daga bakin mazauna wurin. Labarin bara ba ya raka matafiyin bana.

Akwai kuma batun lokaci. Masu son ganin dabbobi sosai sun fi son ƙarshen rani, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, dabbobi kuma suka taru a bakin kogin Gaji neman ruwa. Amma zafin Bauchi a watan Maris da Afrilu ba abin da za a kai tsoho mai hawan jini cikinsa ba ne. Mun zaɓi Disamba, muka yarda ko da za mu ga dabbobi kaɗan. A lokacin jama'a suna da yawa, don haka a kama ɗaki da wuri, a kuma nemi wanda ba ya da nisa da wurin cin abinci.

Mako biyu kafin tafiya na kai Baba wurin likitansa. Ya duba shi ya ce ba laifi, ya rubuta mana sunayen magungunansa da yadda ake shan kowanne a takarda ɗaya. Na sayi ninki biyu na abin da zai sha a kwanakin, na raba a jaka biyu, ɗaya a motarmu ɗaya a ta yayana. Na ɗauki na'urar gwajin suga da ta awon jini da ƙarin batir. Magani a hannu ake riƙe shi, ba a bayan mota inda rana ke gasa kaya ba, musamman allurar insulin ga masu amfani da ita, don zafi yana lalata ta. Na haɗa da gishiri da sukari na gudawa, da maganin zazzaɓi na yara, da filasta, da gidan sauro. Maganar kuɗi kuwa mun gama ta tun a gida, kowa ya san abin da zai bayar, na mai da na masauki da na abinci. Na sha ganin tafiyar zumunci ta zama sanadin gaba saboda an bar wannan lissafi sai an dawo.

Maigidana ya so mu yi tafiyar a yini ɗaya. A tashi bayan asuba, a bi ta Keffi da Akwanga, a haura Hawan Kibo a shiga Jos, a wuce Bauchi, kafin magariba an isa. Matasa suna yin haka. Amma mu goma sha ɗaya ne a mota biyu, daga mai shekara saba'in da ɗoriya har zuwa jaririyar ƙanwata mai wata takwas. Na ce a raba biyu, a kwana a Jos. Duk bayan awa biyu muna tsayawa kowa ya fito ya miƙe ƙafa ya taka kaɗan. Dogon zama yana kumbura ƙafar tsofaffi, yana kuma iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, abin da kan zama haɗari. Yara ma suna samun damar yin guje-gujensu su huce. Ba mu yarda a ɗora yaro a cinya a kujerar gaba ba, kowa da mazauninsa da bel ɗinsa. Ɗiyata mai shekara shida ba ta jure mota, tana yawan amai, sai muka hana ta kallon waya, muka sa ta inda take hangen hanya ta gaba, abinci kuma kaɗan kaɗan mara maiƙo. Ku tanadi leda da tsumma da kayan canji a kusa, ba a ƙasan akwati ba. Kada kuma ku manta da rigunan sanyi. Sanyin Jos a Disamba sai wanda ya kwana a can.

Ranar farko komai ya tafi daidai, har na fara yabon kaina. Ashe jarrabawar tana rana ta biyu.

A gida Baba yana da tsarinsa. Yana shan ƙwayar sugarsa da safe, ba a jima ba Inna ta ajiye masa koko da ƙosai. Shekaru yana haka. A Jos ma da ya idar da salla ya sha maganinsa kamar kullum, bai faɗa wa kowa ba, don bai ga abin faɗa ba. Mu kuma muna sauri. Muka ce a kama hanya, a karya a Bauchi, ai masar Bauchi ta fi, kuma tafiyar ba ta wuce ta awa biyu ba. Sai aka tsaya duba iskar taya, aka tsaya shan mai, yaran yayana suka manta jaka aka koma. Kafin mu bar Jos rana ta ɗaga. Mun wuce Toro, mun wuce Nabordo, ina gaba muna hira da maigida, sai ɗiyata da ke zaune kusa da kakanta ta ce, "Umma, mijina yana zufa, kuma yana magana kamar mai barci." Na waiwaya. Ga sanyin hunturu, ga Baba sharkaf da gumi, hannunsa yana rawa. Na kira shi ya amsa, amma abin da ya faɗa bai haɗu ba.

Muka gangara gefen titi. Hannuna yana karkarwa na soki yatsarsa, na'ura ta nuna 56. A irin wannan na'ura duk abin da ya gaza 70 suga ya yi ƙasa ke nan. Allah Ya taimake mu akwai lemon kwalba a cikin kula, irin wanda kullum muke hana shi. Na ba shi kamar rabin kwalba a hankali, muka jira minti 15, na sake gwadawa, ya haura. Sannan ya ci burodi da gyaɗa. Kaɗan kaɗan idonsa ya dawo daidai.

Ina so ku riƙe wannan da kyau, ko ba tafiya za ku yi ba. Yawancinmu hawan suga muke tsoro, mun manta faɗuwarsa ta fi saurin kayar da mutum. Alamominta su ne zufa, rawar jiki, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, ruɗewa ko faɗa ba dalili. Idan mutum yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi abu mai zaƙi nan take, cokalin shayi uku ko huɗu na sukari a ruwa, ko zuma, ko rabin kwalbar lemo, banda irin lemon da aka rubuta ba suga a cikinsa. Bayan ya farfaɗo a bi shi da abinci. Idan kuwa ya suma, kada a ɗura masa komai a baki don zai iya shaƙewa, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti mafi kusa. Wasu ƙwayoyin suga kuma aikinsu yana daɗewa a jiki, sugan zai iya sake faɗuwa bayan wasu awoyi, don haka a ci gaba da gwaji a yinin.

Yayana ya ce shi ke nan, a juya. Ni kaina na goyi bayansa, don zuciyata ta karye. Baba ya dube mu ya ce, "Hanya ba ta yi mini komai ba. Ku ne kuka hana ni karin kumallo." Babu wanda ya iya cewa uffan. Na kira likitansa na faɗa masa duk abin da ya faru, ya ce mu tsaya a Bauchi ya ci abinci sosai, mu sake gwaji, idan ya daidaita mu ci gaba, mu kuma kiyaye lokacin cin abincinsa. Haka muka yi. Muka zauna a Bauchi har bayan azahar, ya ci masa da miyar taushe, ya ɗan kishingiɗa. Tun daga ranar, agogon cikin Baba ya zama agogon tafiyar. Ba a tayar da mota sai ya karya, kuma aljihunsa ba ya rabuwa da alewa.

Bauchi ce wurin sayayya na ƙarshe. Ku cika tanki, ku sayi ruwan sha da yawa da duk abin da jariri zai nema, ku riƙe tsabar kuɗi a hannu, kada ku dogara da sabis ɗin waya a cikin daji. Daga nan hanyar Gombe ake bi har Dindima, a karkata zuwa ƙofar gandun a Mainamaji. Kada ku ɗauka da kun shiga ƙofa kun iso, akwai sauran tafiyar kusan kilomita 40 a cikin daji kafin masaukin Wikki. Ku lissafa da wannan don ku isa da sauran rana.

Waɗanda suka fara tarbarmu su ne gwaggon birai da gadu, wato aladen daji, suna yawo tsakanin ɗakuna kamar su suka biya kuɗin. Ba mu gama sauke kaya ba wani ƙaton biri ya fizge ledar dambun naman Inna daga hannunta ya haye bishiya. Ta bi shi da "Allah Ya isa", jikoki suna ta dariya har da faɗuwa. Abin dariya ne, amma ku kula. Kada yaro ya fita da abinci a hannu, kada a ba su, a riƙa rufe ƙofa da taga da gilashin mota. Idan biri ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na kusan minti 15, sannan a nemi asibiti saboda ciwon haukan kare, ba a jira a ga abin da zai faru.

Da la'asar muka gangara Wikki. Akwai matattakala masu ɗan yawa, nan ne Inna ta sha aiki. Muka bi da ita a hankali, tana dafe da kafaɗar jikanta, wani kuma yana ɗauke da kujerar roba tana hutawa. Ruwan daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai har ana ganin yashin ƙasansa, ɗuminsa kuma wajen digiri 31 ne rani da damina. Wani wurin bai wuce gwiwa ba, wani wurin ya fi ƙarfin yaro. Muka raba aiki, kowane yaro da babban da ke tsaye a kansa, ba waya a hannu. Taron manya shi ke sa yaro ya nutse, kowa yana zaton wani na kallo.

Baba ya naɗe wandonsa ya zauna a baki ya sa ƙafafunsa a ruwa. Ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya fara kiran sunayen abokan karatunsa da suka zo tare a wancan lokaci, yana faɗin wanda ya tura wani cikin ruwa, da wanda malami ya kama. Ya ƙirga su, ya ce saura su biyu a raye. Inna ta juyar da kai. Ni kuwa ina tsaye da tawul ina jiran in goge masa ƙafa in duba tsakanin yatsu, domin mai ciwon suga ƙaramin rauni a ƙafa ba ƙarami ba ne, kuma sau da yawa ba ya jin zafinsa. Shi ya sa ban bar shi ya taka ko'ina ba takalmi ba. Da ya ga ina ta leƙen tafin ƙafarsa ya ce, "Ke dai kin zama uwata." Na ce ai dama sunanta aka sa mini.

Washegari da safe, bayan an karya, muka shiga motar zagaya daji tare da ɗan rakiya. Inna ta zauna da jaririya, ta ce jijjigar hanyar ba tata ba ce, ba mu matsa mata ba. Ku sa tufafi masu dogon hannu kuma masu haske, don ƙudan tsando baƙi da shuɗi yake bi, cizonsa kuma da zafi. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa da takunkumi saboda ƙura. Mun ga gwanki da gwambaza da ɓauna daga nesa, da tsuntsaye iri-iri. Giwa kuwa sai kashinta da rassan da ta kakkarya. Yankari na da ɗaya daga cikin manyan garkunan giwaye da suka rage a Najeriya, amma daji ba gidan zu ba ne, babu mai yi muku alkawari. Ku faɗa wa yara haka tun daga gida. Ni ban faɗa ba, shi ya sa a hanyar dawowa ɗana ya dubi kakansa ya ce, "Ai dama na faɗa maka." Baba ya yi murmushi kawai, amma na ga abin ya taɓa shi.

A safiyarmu ta ƙarshe muka shirya sake fita. Na je kiran Baba, ya ce jiya ta ishe shi, bayansa yana ciwo, mu je kawai. Na so in lallashe shi, sai na tuna wannan karon shi ya yanke wa kansa, ba mu muka yanke masa ba. Na bar masa na'urar gwaji da shayinsa, shi da Inna a inuwa.

Mun kusa awa biyu muna zagaye, har an fara maganar komawa, sai ɗan rakiya ya ɗaga hannu direba ya kashe mota. Can gefen kogi, tsakanin itatuwa, ga su nan su biyar ko shida, har da ƙarama tana bin uwarta. Babu wanda ya yi motsi. Ɗana ya riƙe hannuna da ƙarfi har sai da na ji zafi.

Mota ba ta gama tsayawa a masauki ba ya dira da gudu yana kiran kakansa tun daga nesa. Baba ya bar shi ya gama zuba labarin kaf, da girman kunnuwan da yadda ƙaramar take tafiya. Sannan ya kurɓi shayinsa ya ce, "Kai dai yaro ka cika labari. Giwa ai sai a Kenya."